Fakarar tazargade ta Amurka tana ƙarewa tare da jejinta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana a kan wani tsuntsu na yammacin Amurka wanda halin da yake ciki ya daɗe yana damuna, domin duk lokacin da aka taso da batun kare muhalli sai hankali ya koma kan kurmi da manyan bishiyoyi, a manta da jejin gajerun itatuwa wanda mai wucewa yake ɗauka filin banza ne.

Mutanen can suna kiran tsuntsun sage-grouse. Dangin fakara ne, sai dai ya fi ta girma nesa ba kusa ba, domin namijin yakan kai kusan kilo uku. Zan kira ta fakarar tazargade, saboda itacen da rayuwarta ta rataya a kansa ɗan uwan tazargade ne, gajere, mai ganye ruwan toka da ƙamshi mai ƙarfi. A ƙarƙashinsa take yin sheƙa a ƙasa, a cikinsa take ɓuya daga shaho da mikiya, kuma idan ƙanƙara ta rufe ƙasa da hunturu kusan ba ta cin komai sai ganyensa. Ana samun ta a jihohi 11 na Amurka da larduna biyu na Kanada, kuma jihar Wayomin kaɗai tana riƙe da fiye da kashi ɗaya cikin uku na yawanta.

Abin da ya sa ta yi suna shi ne dandalinta. Daga watan Maris zuwa Mayu, tun kafin gari ya waye, mazan suna taruwa a wani fili mai ƙarancin ciyawa, kowanne ya baza jelarsa mai tsini, ya bunƙasa farin ƙirjinsa, ya hura wasu jakunkuna biyu masu ruwan ɗorawa da ke gabansa har su fitar da wata ƙara kamar ta tulu yana shan ruwa. Matan sukan zo su zagaya a natse, kuma yawancinsu namiji ɗaya ko biyu suke zaɓa a cikin taron duka. Dandali guda suke komawa shekara da shekaru, shi ya sa masana suke ƙirga mazan a nan don su san ko yawansu yana ƙaruwa ko yana raguwa. Ƙirgar ba ta da daɗin ji: rahoton da hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta fitar a 2021 ya nuna cewa tsuntsun ya ragu da kashi 80 cikin ɗari tun daga 1965.

Ba mafarauta ne suka fi yi mata illa ba, jejin ne yake zaizayewa. Babbar musibar ita ce wata baƙuwar ciyawa da ta shiga ƙasar daga Turai da Asiya a ƙarshen ƙarni na 19. Tana riga sauran tsiro fitowa, ta riga su bushewa, ta cike ratar da ke tsakanin itatuwan, sai wuta ta samu hanyar gudu. Bayan gobara ciyawar takan dawo a shekarar da ta biyo, amma tazargaden ba ya tohowa daga kututture, sai daga iri, kuma yakan ɗauki shekaru gommai kafin ya koma yadda yake. Gobara ɗaya a jihar Nebada a 2018 ta cinye fiye da eka 400,000. Ga kuma rijiyoyin mai da iskar gas, waɗanda hayaniyarsu da hanyoyinsu suke korar tsuntsayen daga dandali, da turakun lantarki da hankaki suke sauka a kai suna hangen ƙwai.

Akwai wani dalili da na fi so masu karatu su lura da shi, domin ya saɓa wa abin da muka saba ji. A wurare da dama dogayen itatuwa irin su junifa suna kutsawa cikin jejin, kuma da zarar sun ɗan yi yawa sai fakarar ta ƙaurace wa wurin. Don haka a can sare bishiya yakan zama aikin kare muhalli. Wani bincike na 2022 ya ƙiyasta cewa ana asarar kimanin eka miliyan 1.3 na wannan jeji a kowace shekara, alhali fiye da nau'o'in halittu 350 ne suke rayuwa a cikinsa, har da ƙananan tsuntsaye masu kuka waɗanda ba sa sheƙa a ko'ina sai a cikin wannan itacen.

A 2010 hukumar kula da namun daji ta Amurka ta amince cewa tsuntsun ya cancanci shiga jerin halittun da doka ke karewa, amma ta ce akwai waɗanda suka fi shi gaggawa. A 2015 kuma ta ce babu buƙata, bisa dogaro da tsare-tsaren amfani da filaye da aka cimma da jihohi da makiyaya. A 2019 gwamnati ta sassauta tsare-tsaren, wata kotu a jihar Aidaho ta dakatar da sassaucin. A ganina wannan kai-komo zalunci ne ga itacen da yake buƙatar shekaru gommai kafin ya girma.

Abin da ya fi ba ni ƙwarin gwiwa shi ne shirin da ma'aikatar gona ta ƙasar ta fara da makiyaya a 2010, wanda bai ɗauki mai shanu a matsayin abokin gaba ba. Ana taimaka masa ya riƙa juya wuraren kiwo, ya sare itatuwan da suka kutso, ya bar filinsa ba tare da an mayar da shi gona ko gidaje ba. Har shingen waya, wanda tsuntsayen suke karo da shi da asuba suna mutuwa, ana maƙala masa ƙananan fararen robobi don su gan shi daga nesa.

Ina fatan jaridar nan za ta riƙa bin wannan labari, ta kuma tura wakilanta su tambayi manomanmu da makiyayanmu yadda fakara da zabon daji suke a wuraren da aka tumɓuke sabara da kalgo.

Wassalam.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya