Godiya ga Injiniya da yaran shagonsa, waɗanda suka damƙa mini makullin gidana

Assalamu alaikum Injiniya, kai da dukan yaran shago. Ina fata kuna lafiya, ya aiki, ya fama da jama'a.

Na san za ka ce me ya kai ni rubuta wasiƙa a bainar jama'a alhali lambar wayarka tana hannuna. Yabon gwani ya zama dole, kuma godiyar da aka yi a cikin ɗaki ba ta kawo wa mai sana'a ciniki. Ka roƙe ni kada in ambaci sunanka, na kuma kiyaye. Amma duk mai bin layinmu a Rijiyar Zaki ya san shagon da ake jingine farantan sola a bakinsa, inda ƙamshin dalma ke tarbar mutum tun kafin ya yi sallama.

Ga waɗanda ba su san abin da ya haɗa mu ba: ni a Abuja nake aiki, sai bayan mako biyu nake leƙo Kano. A gida akwai Hajiya mahaifiyata, da maiɗakina, da yara. Muna da rijiyar burtsatse da tanki a sama, makunnin injin kuwa yana can bayan gida kusa da turken tumaki. Hajiya ba ta yarda kowa ya kula da ruwa in ba ita ba, ga ciwon gwiwa ya sa ta gaba. Sau biyu injin cikin rijiyar, wanda kuke kira sumo, yana ƙonewa saboda an bar shi yana aiki bayan ruwa ya janye. Ambaliyar tanki kuwa har maƙwabta sun daina yi mana magana a kanta, sun gaji.

Da farko dabarar kaina na yi. Na sayo wani makunni mai araha a kasuwa, irin wanda ake kunnawa da manhajar waya. Ya yi aiki, amma aikin ganin dama. Ranar da na kawo maka shi ka juya shi a hannunka, ka ce: "Alhaji, wannan in ka danna a wayarka, saƙon sai ya fita Najeriya ya je wata kwamfuta a wata ƙasa, sannan ya dawo bayan gidanka. Kana tsaye a gabansa ma sai an nemo izini daga can." Na ɗauka zolaya ce. Sai ka cire layin intanet daga na'urar wayfay, ka ce in danna. Na danna har yatsana ya gaji, ko motsi bai yi ba. Ka kuma ba ni labarin kamfanin Insteon na Amurka, wanda a watan Afrilun 2022 ya kashe kwamfutocinsa ba tare da sanarwa ba, mutanen da suka sayi kayansa suka wayi gari manhajar ta daina magana da gidajensu. Daga baya na bincika da kaina, na tarar haka aka yi. Araha dai ba ta ado.

Abin da kuka haɗa mini a ƙarshen 2023 bai kai tafin hannu biyu ba. Wata 'yar ƙaramar kwamfuta ce, Raspberry Pi, kuka ɗora mata manhajar Home Assistant, kuka rataye ta a bango kusa da inbata don ta riƙa shan wutar batir. Ka ce ita ce uwar gida, sauran na'urori duk 'yan aikenta ne. Manhajar kyauta ce, wani ɗan ƙasar Holan mai suna Paulus Schoutsen ne ya fara ta a 2013, kuma kowa na iya buɗe cikinta ya ga yadda aka rubuta ta. A wajen injin kuwa kuka sa wata na'ura, Shelly EM, ƙirar Bulgeriya, mai wani ɗan zobe da ake maƙala wa waya ya auna wutar da injin ke ja. Ba ita ke ɗaukar nauyin injin kai tsaye ba, kwantakta, wato wani babban makunni mai jure wuta mai yawa, kuka sa a tsakani, domin ka ce ƙaramin makunni ba ya kokawa da sumo.

Duk wannan wani ma'aikacin zai iya yi. Abin da ya sa na zauna rubuta wasiƙar nan shi ne abin da ya biyo baya. Da aka gama aiki ba ka tattara kayanka ka tafi ba. Ka ce a kira maka babbar 'yata da ta gama sakandare, ka zaunar da mu a kan tabarma a zaure, ka buɗe kwamfutarka, ka ce yau sai mun san yadda ake aiken uwar gida ba tare da manhajar kowa ba.

Har yau ina iya maimaita bayaninka, don da aiken yaro ka kwatanta mana. Ka ce duk lokacin da mutum ya buɗe shafi a intanet, saƙo wayarsa ke aikawa bisa wata ƙa'ida da ake kira HTTP, kuma da wannan ƙa'idar ake yi wa uwar gida magana. Ɗan aike yana bukatar abu uku: gidan da za shi, saƙon da zai isar, da shaidar cewa maigida ne ya turo shi. Gidan shi ne lambar na'urar a cikin wayfay ɗinmu, da ƙofarta mai lamba 8123. Saƙon da muke bukata iri biyu ne. Akwai GET, wato tambaya kawai, kamar a ce "je ka dubo ko injin yana aiki". Akwai POST, wato umarni, "je ka kunna". Don kunna injin, ana tura POST zuwa /api/services/switch/turn_on tare da sunan da aka raɗa wa makunnin. Shaidar kuwa wani dogon jerin haruffa ne da lambobi da manhajar ke bayarwa, sau ɗaya tak take nuna shi, kuma yana aiki har shekara 10 in ba a soke shi ba.

Sannan ɗan aike yana dawowa da amsa. In ya dawo da 200, an isar da saƙo. In 401 ce, an ce ba a san wanda ya aiko shi ba. In 404 ce, ya isa gidan amma bai tarar da abin da aka aike shi nema ba. Yarinyar nan da gangan ta ɓata harafi ɗaya a cikin shaidar don ta ga 401 da idonta, ta kuwa gani. Da ta gyara ta tura, muka ji kwantakta ta yi ƙas daga bayan gida, ruwa ya fara zuba a tanki, sai ta yi tsalle kamar wadda aka ce ta ci jarrabawa. Ni kaina, da furfurata, na ɗan ji wani abu a raina.

Amfanin wannan ilimi ya fito fili a kan Hajiya. Ita ba ta karanta boko, manhaja mai shafuka kuwa ɓata mata rai take yi. Ɗaya daga cikin yaranka, wannan siririn mai yawan shiru, ya karɓi wata tsohuwar wayata da ko layi babu a ciki, ya sa mata manhajar HTTP Shortcuts, ya yi maɓalli biyu manya a fuskar wayar, kore da ja. Kowanne saƙo ɗaya yake turawa. Yanzu Hajiya tana zaune a kan dardumarta take ba da ruwa, sarautarta ba ta taɓu ba, gwiwarta kuma ta huta. Kuka ƙara da ƙa'idoji a cikin uwar gida: injin ya tsaya da kansa bayan minti 40, in wutar da yake ja ta faɗi ƙasa alamar ruwa ya janye ya tsaya nan take, kuma kada ya tashi da daddare ya shanye batir. Tun daga ranar sumo bai sake ƙonewa ba.

Gwajin gaske ya zo ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, muna cikin kwanakin farko na azumi. Ranar ce wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta yi ta tangal-tangal a Najeriya da maƙwabtanta, har manhajojin bankuna suka riƙa gardama. Ina ofis na yi ta ƙoƙarin leƙa gida ta waya, abin ya ƙi. Hankalina ya tashi, ga azumi, ga zafi, ga girkin buɗa-baki. Da na kira maiɗakina sai ta ce wane ruwa kuma, ai Hajiya ta cika tanki tun da hantsi. Saƙon Hajiya daga ɗaki zuwa uwar gida a bango ya tafi, daga bango zuwa bayan gida, bai ko leƙa ƙofar gida ba balle teku. Na tuna mutanen Zamfara da aka rufe wa layukan sadarwa a Satumbar 2021. Da irin makunnina na farko ne a gidajensu, da ya zama kwalliyar bango.

Akwai kuma ranar da na yi wauta, gara in faɗa da bakina. Don in burge abokai, na ɗauki hoton fuskar kwamfuta na ɗora a WhatsApp, ashe shaidar nan tana ciki ɓaro-ɓaro. Ƙarfe 11 na dare ka kira ni. Ba ka yi mini faɗa ba, ko da yake na cancanta. Ka ce in shiga shafin bayanaina a Home Assistant in goge ta in fitar da sabuwa, ka tsaya a waya har na gama. Ka ce, "Ranka ya daɗe, wannan makullin gida ne, ba a ɗaukar sa hoto." Abin da ya rage mini fargaba shi ne tun farko ka ƙi buɗe ƙofar 8123 ga duniya. Ka haɗa wayata da gida ta wata keɓantacciyar hanya, Tailscale, wadda sai na'urorin da muka yarda da su ke bi. Washegari yaronka ya zo ya sa sabuwar shaidar a wayar Hajiya, ko kuɗin mota ya ƙi karɓa.

Ba zan ce ba ku da aibi ba, kada a ce an biya ni. Alƙawarinku na lokaci ɗan'uwan na tela ne: kun ce Talata, kuka zo Alhamis. Kuma waya ɗaya da kuka bari tana reto a bayan inbata sai da na yi magana sau biyu. Amma na ga masu aikin da ke ɓoye kalmar sirri don a dinga kiran su ana biya, kamar mai maganin da ba ya faɗin sunan itace. Ku kuwa littafi mai ruwan ɗorawa kuka bar mini, an rubuta komai da biro: lambar kowace na'ura, sunan kowane makunni, yadda ake adana kwafin saituna, har da adireshin da za a rubuta a burauza a kunna injin kai tsaye ta Shelly in uwar gida ta kwanta ciwo, wanda ke ƙarewa da /relay/0?turn=on. Ka ce ko bayan ranka, ko in na canza ma'aikaci, kada gidana ya tsaya. Ban taɓa jin mai sana'a ya shirya wa wanda zai gaje shi hanya haka ba.

Yarinyar nan yanzu ita ta haɗa fitilar ƙofar gida da kanta, tana kunnuwa da magariba, kuma ta ce ilimin kwamfuta za ta karanta. Ta roƙe ni in tambaye ka ko za ka bari ta riƙa zuwa shago ranar Asabar tare da ƙaninta, in babu damuwa.

Hajiya tana gaishe ka, tana sa maka albarka kai da yaran. Ta ce a faɗa maka dambun naman da ta yi maka alƙawari yana nan a ajiye, ka turo siririn nan ya karɓa, kuma in zai zo ya taho da caja, don ta wayarta ta fara wasa. Allah Ya ƙara buɗi, Ya tsare ku daga sharrin wuta da na hanya, Ya albarkaci shagon.

Wassalam,
naku, wani magidanci a Rijiyar Zaki, Kano.