Albashin limaman asibiti ba almubazzaranci ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman ɗan fili domin in tofa albarkacin bakina kan muhawarar da ake yi a Ingila game da limamai da fastocin da asibitocin gwamnati ke ɗauka aiki. Ƙungiyar National Secular Society, mai rajin raba addini da mulki, ta daɗe tana cewa bai dace a biya su daga kuɗin haraji ba, coci da masallaci su ɗauki nauyin nasu. Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Ingila, kuma ban goyi bayan wannan ra'ayi ba.

Tun kafuwar hukumar lafiya ta NHS a 1948 malaman addini suke cikin ma'aikatanta, kuma Cicely Saunders, wadda ta buɗe gidan jinyar masu ciwon ajali na St Christopher's a Landan a 1967, ta koyar da cewa raɗaɗin majinyaci bai tsaya a jiki ba, yakan taɓa zuciya da iyali da imani. Duk wanda ya yi aikin dare a ɗakin masu matsanancin ciwo ya ga haka da idonsa. Dattijo yana kwance a kan injin numfashi, 'ya'yansa sun yi cirko-cirko a bakin gado suna tambaya ko amincewa a cire injin kisa ne. Likita zai bayyana halin da huhu yake ciki, amma liman ne zai zauna da su ya warware musu hukuncin, ya laƙana wa mahaifinsu kalmar shahada, ya sa a juya gadon ya fuskanci alƙibla, da safe kuma ya bi sawun takardun sakin gawa domin kada jana'iza ta yi jinkiri.

Masu aikin sa kai suna ƙoƙari, Allah ya saka musu, sai dai kowannensu yana da nasa neman abinci, ba wanda zai tilasta masa amsa waya da tsakar dare. Ma'aikaci kuwa yana cikin jadawalin kira, an binciki tarihinsa, wajibi ne ya rufe sirrin majinyaci, an hana shi jan kowa zuwa addininsa, idan ya keta doka kuma akwai mai hukunta shi. Ko Faransa, da duk tsaurinta wajen raba addini da mulki, dokarta ta 1905 ta halatta kashe kuɗin gwamnati a kan irin wannan hidima.

Abin da ya kamata a sa wa ido shi ne rabon guraben. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi miliyan 3.9 a Ingila da Wales, saboda haka ina roƙon hukumomin asibitoci su ƙara limamai na dindindin, su kuma ɗauki malamai mata, domin akwai tambayoyin tsarki da na ɓari waɗanda mace ba za ta iya yi wa namiji ba.

Wassalam.

Taku,
Wata ma'aikaciyar jinya, Ingila