Zuwa ga Mamman, a kan zancen zalaiɗu

Assalamu alaikum Mamman, ya Agadas, ya iyali? Wata nawa ko gaisuwa babu, sai ka ce kuɗin kiredi ne zai talauta ka. To ni dai labari ya ci ni, ba zan iya jira ba.

Gardamarmu ta garaken Mirya ta ƙare, kuma ni na ci. Zalaiɗu ba ya saƙa sheƙa! Ƙanena da ke jami'a ya nuna mini a waya, har da hotuna. Macen takan faki idon 'yan ƙananan tsuntsayen nan masu cin tsabar ciyawa, ta shiga sheƙarsu ta ajiye ƙwanta fari fat irin nasu, ta yi gaba. In ya ƙyanƙyashe, ɗigon da ke cikin bakin ɗan ya yi kama da na 'ya'yan gidan, sai uwar riƙo ta yi ta ɗura masa abinci tare da nata. Shi kuwa namijin, da damina ta kama sai ya fito da wutsiyarsa mai tsawon kusan santimita 20, yana rawa a iska gaban mata. Kamar kai ranar auren Laminu.

Abin da ya hana ni barci shi ne Fwarto Riko, wani tsibiri can tekun Karebiyan. Masu cinikin tsuntsayen keji suka kai zalaiɗu, wasu suka kuɓuce, ga su nan suna hayayyafa. Ka san a sheƙar wa? Ta wani ɗan tsuntsu mai kumatu ruwan lemo, shi ma ɗan Afirka ta Yamma ne da ya riga shi isa can. Ikon Allah, teku guda suka tsallaka amma reno bai bar shi ba. Tsorona kada wata rana zalaiɗu ya koma wa tsuntsayen asalin tsibirin, waɗanda ba su san halinsa ba. Tun da na ji wannan, in na ga yara da keji a bakin kasuwar Dole sai raina ya ɓaci.

Af, Laminu ya sami 'ya mace, suna ran Asabar, kuma Inna ta ce in ba ka zo ba kada ka ƙara aiko mata da dabino. Gero ya ɗan sauko. Rijiyar gidan su Hajiya ta rufta, Allah ya tsare ba kowa kusa.

Ka gaida Mariyama da yara.

Naka,
Isuhu, Birni, Damagaram