Godiya Ga Sashen Wasan Kwaikwayon Da Ya Raya Mana Dare Da Waƙa

Zuwa ga Shugaban Sashen Koyar da Wasan Kwaikwayo, da malamansa, da ɗalibansa.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Farfesa,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kun koma gida lafiya kun tarar da iyali lafiya, ya gajiyar hanya? Ni ne tsohon hedimastan nan da ya tsare ku da tambayoyi a zauren dagaci ranar zuwanku na farko, wanda ɗalibanka suka laƙaba wa Baba Mai Sharaɗi. Sun zaci ban ji ba, na ji, kuma ban yi fushi ba. Da farko na yi niyyar in ba direban motar kasuwa wannan takarda ya kai maka ofis, sai na ga abin da kuka yi mana a gaban jama'a kuka yi shi, bai kamata godiyarsa ta ƙare a cikin durowar tebur ba.

Ba zan ɓoye maka ba, labarin zuwanku bai sami karɓuwa ba da farko. Yaron da ya kawo saƙon cewa ya yi 'yan jami'a za su zo su yi "rebiyu" a filin firamare bayan an gama kaka. Kafin la'asar gari ya ɗauka wani mawaƙi ne mai suna Rabi'u zai zo, har wata tsohuwa tana tambaya ko ɗan wane gida ne. Da aka gane waƙoƙin wasannin dandamalin Turawa ne, sai fuskokin dattawa suka canza. Ka san ƙasar nan. Ba mu manta yadda aka yi ta kai ruwa rana a 2016 kan alƙaryar fim da aka so ginawa a Kofa ta ƙasar Bebeji ba, har gwamnatin tarayya ta janye. Mutumin ƙauye idan ya ji an haɗa waƙa da rawa da 'yan makaranta maza da mata a jimla ɗaya, ba ya jiran ƙarshen magana. Ni kaina ina cikin masu cewa a ba ku haƙuri.

Sharuɗɗa huɗu na gindaya muku, ina sa ran ku ji sun yi nauyi ku fasa: kada wasa ya shiga lokacin salla, a ware wa mata gefensu, kada namiji ya riƙe mace a kan dandamali, kuma liman ya ga kalmomin kowace waƙa kafin a rera ta. Ka amsa duka ba tare da ka ɗaure fuska ba. Bayan mako biyu sai ga wani malaminku a kan babur da takardu, an juya waƙoƙin nan kaf zuwa Hausa, kwafe ɗaya da boko, ɗaya da ajami domin liman. Wannan ajamin shi ya karya mini gwiwa. Liman ya kwana biyu da takardun, ya soke waƙa ɗaya, ya ce a gyara baiti biyu a wata. Ba ku yi musu ba.

A wani zama da muka yi da ku ne malamar da ke ba da umarnin wasan ta yi mana bayanin da har yau nake maimaita wa abokan hirata. Ta ce a birnin Niyu Yok na Amurka akwai titin da ake kira Birodwe, a kewayensa akwai manyan gidajen wasa 41, kowanne yana ɗaukar mutum 500 ko fiye, kuma 'yan wasa sukan hau dandamali sau takwas a mako. A Landan ma akwai irin wannan unguwa. Wasanninsu labari ne ake yi, sai a tsakiyarsa mai magana ya ɓarke da waƙa idan abin da ke ransa ya fi ƙarfin zance. Shi kuwa rebiyu ba shi da labari guda. Waƙoƙi ake tsinto daga wasanni dabam-dabam a jera su a dare ɗaya, a sa barkwanci tsakaninsu. Ta ce a Faris ta ƙasar Faransa abin ya samo asali, inda akan waiwayi abubuwan da suka faru a shekara a yi musu shaguɓe, daga baya ya haye Amurka ya yi tashe a farkon ƙarni na 20. Har ta ƙara mana da cewa an taɓa shirya wasa sukutum kan rayuwar mawaƙin nan Fela a Birodwe ɗin a 2009, aka kawo shi Legas a 2011.

Tana gamawa sai Sarkin Noma, wanda bai taɓa zama a aji ba, ya ce, "Malama, ai wannan kalankuwa ce." Aka yi dariya, amma gaskiya ya faɗa. Mu da muka tashi muka tarar samari bayan girbi suna naɗa gwamnansu da alƙalinsu suna kwaikwayon masu mulki, muka ga 'yan kama suna ɗauko sanannen kiɗa su mai da shi zancen tuwo da miya, muka yi tashe gida-gida daga goma ga azumi, me zai ba mu mamaki a nan? Tatsuniyar da kakata take yi mana ma ba ta kai ƙurunƙus sai yarinyar da ke cikinta ta tsaya bakin rafi ta rera waƙa mun amsa. Na lura malamar ta ciro biro ta rubuta maganar Sarkin Noma. Daga baya na ji ta faɗe ta a lasifika, ta kuma ce daga bakinsa ta ji.

Kwana uku kuka yi a garin nan kafin daren wasa, kuna kwana a azuzuwa biyu da aka share muku, 'yan matan kuma a gidan dagaci wajen uwargida. A kwanakin nan ne na fahimci abin da kuke karantarwa. Ni a da ina ɗauka sashenku wurin tsalle-tsalle ne, inda yaron da ya kasa samun gurbin likitanci ko lauya yake fakewa. Allah ya yafe mini. Na ga yarinya da awo a hannu tana lissafin faɗin dandamali tana gardama da kafintan garinmu kan inda za a sa tokari, kuma ita ke da gaskiya. Na ga saurayi ya wuni yana jan waya yana gwada fitilu, yana rubuta wadda za ta kama a baiti kaza da wadda za ta mutu. Na ga an maimaita amshi ɗaya sau goma sha wani abu saboda murya guda tana riga sauran shigowa. Da kun ga dama da kun zo da komai a mota daga birni. Sai kuka sayi katako a nan, kuka ba telolinmu biyu ɗinkin riguna, kuka ba matan unguwa kwangilar abinci, kuka biya kowa kafin ku tafi ba tare da an bi ku ba. Mun saba da baƙin da ke zuwa da alkawari su tafi da hotunanmu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zaman da ɗalibanku mata suka yi da tsofaffinmu. Tun da injin niƙa ya shigo gari dutsen niƙa ya koma abin dafa ƙofa, siminti kuma ya kashe daɓe, waƙoƙin da ake yi a kansu suka bi su. Jikokina sun haddace waƙoƙin waya bila adadin, amma ba wadda ta san waƙar daɓe ko ɗaya. Yaran nan naku suka cire takalma, suka durƙusa suka gaida Gwaggo ta gidan maƙera, suka ce koyo suka zo. Ta yi musu wuya da farko, ta ce ta manta, ta ce ta tsufa, ta ce ta je Makka. Suka ɗauki taɓarya suka taya jikarta daka, ba su iya ba, taɓare suna ta karo. Haushin lalata luguden ne ya sa ta miƙe ta karɓa, kuma da hannu ya kama sai baki ya buɗe. Matata ta ce rabon da ta ji muryar nan tun bikin ƙanwarta.

Daren wasa bayan isha'i fili ya cika. Har daga ƙauyukan hanyar Gujungu an zo a kan babura da amalanke. Kafin kowace waƙa wani yaro mai bakin barkwanci yakan fito ya faɗi labarin da aka ciro ta a taƙaice, sannan a rera ta, baiti da Turanci, baiti da Hausa, fiyano da kalangu suna tafiya tare. Ban zaci za su jitu ba.

Biyu daga ciki ba za a daina zancensu a garin nan da wuri ba. Ta farko ta wani talaka ce mai sayar da madara a wani ƙauye na ƙasar Rasha, daga wasan da aka fara nunawa a 1964, yana da 'ya'ya mata biyar, yana ta lissafin abin da zai yi da a ce yana da kuɗi. Da mai gabatarwa ya ce "mata biyar", sai wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Allah ya kawo maka ɗauki, kayan ɗaki biyar!" Fili ya kece. Yaron da ya hau waƙar ya sa hula ya rataya ƙwarya, yana ɗaga hannu sama yana kai ƙara wajen Ubangiji cikin ladabi da shagwaɓa, kai ka ce maƙwabcina ne da ba zan faɗi sunansa ba. Maza suna dariya suna satar kallon juna.

Ta biyu ba a yi dariya ba. Waƙar wani baƙar fata ce ɗan dako a bakin kogin Misisifi na Amurka, daga wasan 1927, yana duban ruwa yana cewa shi yana shan wahala, kogi kuwa yana ta wucewa abinsa, bai san yana yi ba. Farfesa, ban sani ba ko da gangan kuka zaɓe ta. Mu mutanen ƙasar Ringim a bakin kogin Haɗeja muke, kuma ambaliyar 2022 ba labari ba ce a wurinmu. Akwai waɗanda ke zaune a filin nan da suka tsaya a kan tudu suna kallon geronsu da shinkafarsu a ƙarƙashin ruwa, suka kwana makonni a azuzuwan da kuka sauka. Ana tsakiyar waƙar janareta ya shaƙe ya mutu, fitilu suka ɗauke, fiyano ya yi shiru. Na ce shi ke nan, yara za su fara ihu. Yaron nan mai kakkaurar murya bai ko numfasa ba, ya ci gaba a cikin duhu, 'yan amshi suka bi shi da murya ƙasa-ƙasa, mutane suka kunna fitilun waya ɗaya bayan ɗaya suna haska shi. Ba wanda ya yi tari. Dattijon da ke kusa da ni, wanda gonarsa ta tafi gaba ɗaya a shekarar, ya ja bakin rawaninsa ya rufe fuska. Ni ma dai ƙurar filin ta shiga mini ido.

Da wuta ta dawo kuka rufe da waƙoƙin daɓe da na niƙa. Kafin a fara, malamar ta faɗi sunan kowace tsohuwa da aka koyi waƙa a wurinta, da gidan da ta fito, daidai yadda ta riƙa faɗin sunayen Turawan da suka tsara nasu. Gwaggo ba ta hau dandamali ba, ba za ta hau ba ko da me za a ba ta, amma daga gefen mata aka ji ta tana gyara wa 'yan amshi inda suka karkace. Guɗar da aka rangaɗa a wurin ta ishi aure uku.

Tun da na saba ba da maki, bari in rage muku kaɗan. Waƙar nan mai sauri da aka yi da Turanci zalla ta wuce mu, ko ni da na koyar da harshen shekara talatin ban tsinci komai ba sai ƙarshenta. Lasifikar gefen mata kuma ta yi ƙara da yawa, masu goyo sun koka. Sannan ku sani kun bar mana aiki: tun daren da aka yi rawar nan ta takalma masu ƙarfe a ƙasa, babu murfin kwalbar lemo da ya tsira a garin nan. Yara sun bi sun kafa su a silifa da ƙusa, suna ƙwas-ƙwas a barandar makaranta, hedimastan yanzu yana cewa ni na jawo masa.

Jikata da ke aji biyar na sakandare ta tambaye ni darussan da ake buƙata kafin a shiga sashenku. Ubanta bai ce komai ba tukuna, ni ma ban ce ba, amma na sa a tambayo mata.

Ina miƙa godiyar dagaci, da liman, da Sarkin Noma, da matan gari, da tawa. A gaida malamar da ta ba da umarni, da malamin da ya sha ƙurar hanya da takardun ajami, da direbanku da ya kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare ba tare da an roƙe shi sau biyu ba. Allah ya saka muku da alheri, ya ba yaran nan sa'ar jarrabawa.

Roƙo biyu gare ni. Waƙoƙin da kuka naɗa a bakin tsofaffinmu, a taimaka a turo mana kwafe, da sauti da rubutu, mu ajiye a makaranta. Gwaggo ta ce akwai guda uku da ta tuno bayan tafiyarku, a zo da wuri don ba ta yi alkawarin jira ba. Na biyu, an tsinci hular mai madara a bayan aji, tana hannun dagaci, ya ce ba zai ba da ita saƙo ba, sai dai mai ita ya zo da kansa bayan kaka mai zuwa.

Wassalam.

Naku,
Baba Mai Sharaɗi,
tsohon hedimasta, daga ƙasar Ringim, Jihar Jigawa.