Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jihar Sakkwato: A Ba Yaranmu Ma'aunin Ruwan Sama Kafin Damina Ta Sauka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai Girma Gwamna, bayan gaisuwa da fatan alheri, Allah ya taya ka riƙo. Ni malamin labarin ƙasa ne a wata sakandaren gwamnati da ke wajen birni, shekarata goma sha shida ina riƙe da alli. Masu yi maka maganar albashi da ƙarin girma suna da yawa, na bar musu. Tawa maganar a kan wani ɗan bututun roba ce mai lambobi a jikinsa, wanda kuɗinsa bai kai na ragon layya ba, amma yau shekara uku ke nan ina nemansa ta hanyar da ta dace, ban samu ba.

Kowace shekara ina koyar da ma'aunin ruwan sama. Sai in zana shi a allo, in nuna bakinsa, in nuna inda ruwa ke taruwa, yara su kwafa cikin littafi. Ranar jarrabawar WAEC su sake zana shi, wasu har su ci kiredit. A cikin ɗaruruwan da na yaye, babu ko ɗaya da ya taɓa riƙe na gaske a makarantarmu. Haka farin akwatin nan mai tagogi da ake ajiye ma'aunin zafi a ciki, sun haddace sunansa, ba su taɓa buɗe ƙofarsa ba. Yaron da aka haifa a Sakkwato, inda zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, jikinsa ya fi na kowa sanin zafi, amma ka miƙa masa ma'auni ka ce ya karanta, sai ya tsaya yana kallonka. Wannan abin yana ci mini rai, domin ni ne malaminsa, kuma ni za a tambaya.

Abin da ya ƙara mini takaici shi ne ƙofar a buɗe take tun tuni. Ka san shirin GLOBE, wanda aka fara a 1995, hukumar NASA ta Amurka na cikin masu ɗaukar nauyinsa, kuma ƙasashe sama da 120 suna ciki. Najeriya ta shiga tun 2002. Nijar da ke nan bayan Illela ita ma tana ciki. Tsarin ba shi da wuya: a horar da malami, malami ya horar da ɗalibai, su riƙa auna abin da ke kewaye da makarantarsu ta hanya guda da ƙa'ida guda, su shigar da lambobin a rumbun da duk duniya ke gani. Ruwan sama ana karanta shi kullum dab da rana ta take tsaka. Ma'aunin zafi ana ɗora shi mita ɗaya da rabi daga ƙasa. Tsayin itace ana auna shi da takarda da zare da ɗan abu mai nauyi. Tun 2016 ma akwai manhajar GLOBE Observer a waya: yaro ya ɗauki hoton gajimare daidai lokacin da tauraron ɗan'adam ke giftawa ta samansa, sai a turo masa hoton da tauraron ya ɗauka daga sama, ya gwama da nasa na ƙasa. Ɗiyar manomi a Wurno za ta iya yin aiki iri ɗaya da ɗiyar attajiri a Jamus, kuma lambar da ta rubuta ba ta fi ta waccan ƙarancin daraja ba. Yaran da aka haifa a shekarar da ƙasarmu ta sa hannu yanzu wasunsu suna da nasu 'ya'yan, amma a duk makarantun da na koyar da waɗanda nake ziyarta, ban taɓa cin karo da malamin da aka kira horo a kan wannan ba.

Da na gaji da jira, sai na yi nawa. Na samo gorar ruwa ta roba, na yanke wuyanta na kifa shi ciki kamar mazurari, na zuba tsakuwa a gindi don kar iska ta ɗauke ta, na manna rula a gefe. Muka kafa ta a bayan ajin SS1, nesa da dogon yaro. Mako biyu rana ta lanƙwasa ta. Muka yi wata, akuya ta ture. Ta ukun ce ta kai mu watan Yuli, bayan yaran sun kewaye ta da ƙaya da kansu.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, muka karanta milimita 18. Na ce musu milimita ɗaya a kan fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya lita guda ce, a kan kadada ɗaya kuwa lita 10,000, wato duro hamsin. Suka duƙa suna lissafi a ƙasa da tsinke. Da amsa ta fito duro ɗari tara a dare guda a gona ɗaya, ajin ya ɗauki sowa. Sai wata yarinya da ke zuwa daga ƙauye, tafiyar kamar awa ɗaya a ƙasa, wadda tun shigowarta ban taɓa jin muryarta a aji ba, ta ɗaga hannu ta ce: "Malam, mi yas sa mu garinmu ko ƙura ba ta kwanta ba?" Mahaifinta ya yi binne yana jiran wannan ruwan, ruwan ya tsaya a kan hanya. Ranka shi daɗe, wannan tambayar ita ce kimiyyar gaba ɗayanta, kuma gorar roba ce ta fito da ita daga bakin yarinyar. Washegari ta zo da tata gorar ta ce in yanka mata, za ta kafa a gida. Har aka yi hutu tana kawo mini lambobi a bayan littafin lissafinta, ni kuwa ba ni da inda zan kai su, domin ma'aunin gora ba ya cika ƙa'idar da za a karɓa, makarantarmu kuma ba ta da rajista a ko'ina.

Na rubuta takarda, shugaban makaranta ya sa hannu, na kai wani ofishi. Ba zan kama suna ba, don ba mutum nake so a hukunta ba. Zuwan farko aka ce oga ya yi tafiya. Na biyu aka ce takardar tana sama. Na uku aka ce ba a gan ta ba, in sake rubuto wata. Na sake. Wani bawan Allah a wurin ya ja ni gefe ya ce, Malam, babu wanda aka ɗora wa irin wannan aikin, shi ya sa kowane tebur ke tura ta gaba. Na gode masa, domin shi ne ya faɗa mini gaskiyar ciwon: abin ba shi da uba.

Mai Girma Gwamna, ba mu manta ba. A ƙarshen 2015 aka ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a jihar nan, muka yi murna. Da ka karɓi mulki ranar 29 ga Mayu, 2023, ilimi da noma da ruwa suna cikin ƙudurori tara da ka yi mana alkawari a kansu. Ga abu guda da ya haɗa ukun a cikin bututu ɗaya. Jiharmu tana cikin jihohi goma sha ɗaya na sahun gaba a shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, tana kuma cikin shirin ACReSAL na Bankin Duniya mai dala miliyan 700 da aka ware wa jihohin Arewa saboda zaizayar ƙasa da sauyin yanayi. Duk damina ana kiran ɗalibanmu bikin dashen itatuwa, su jeru cikin rana da kayan makaranta, a ɗauki hoto, a watse. Wa ke komawa cikin bazara ya ƙirga nawa suka rayu? Yaran da suka riƙe dashen su ne suka fi kowa kusa da shi. A ba su tef da littafi, su auna tsayi da kaurin kowane itace duk zangon karatu, sai gwamnati ta san gaskiyar abin da ta shuka, su kuma su san bambancin girman bagaruwa da na dogon yaro da hannunsu.

Kowa a garin nan yana tuna Satumbar 2010, lokacin da Rima ta yi ambaliya, ruwa ya cinye garuruwa da gonaki daga wajen Goronyo, ya karya gadar da ke zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, aka koma shiga kwalekwale. Ba zan yi maka ƙarya in ce ma'aunin 'yan makaranta zai tare ambaliya ba. Abin da nake cewa shi ne ruwan ƙasarmu ruwan tsalle ne, ya jiƙa wannan unguwa ya bar waccan, kamar yadda yarinyar nan ta gano. Tashar NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, da ke filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar III tana faɗin abin da ya sauka a filin jirgi. Ba za ta faɗa maka abin da ya sauka a Gudu ko Isa ko Kebbe ba. Hasashen damina da hukumar ke fitarwa duk shekara yana buƙatar idanu a ƙasa, mu kuma muna da makarantu a ƙananan hukumomi 23, kowacce cike da idanu.

Ga kuma hazo. Ƙurar da ke rufe mana rana cikin hunturu, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take tasowa, wata ma har ta tsallaka teku ta sauka a dajin Amazon ta zame masa taki. Masanan NASA suna roƙon mutanen ƙasa su turo musu hoton sama ranar da ƙura ta taso, don tauraro daga sama ba ya ganin abin da mai tsayuwa a ƙasa ke gani. Mu da muke shaƙar ta, muke share ta daga kan teburan aji kowace safiya, mu ne za a rasa a cikin masu ba da labarinta?

Na san abin da za a ce maka. Za a ce akwai azuzuwan da ba su da rufi, akwai yaran da ba su zuwa makaranta sam, akwai garuruwan gabashin jiha da malami ke tsoron kwana. Duk gaskiya ne, ni ma a ajin da ke yoyo nake koyarwa. Amma don Allah, ranka shi daɗe, kar a ce sai an gama waɗancan za a waiwayi wannan. Yaron da ke SS1 bana shekara uku kawai gare shi a hannunmu, ba zai jira ba. Kuma uban da ya ga 'yarsa tana faɗa masa yawan ruwan da ya sauka a gonarsa, ya fi saurin barinta ta gama makaranta fiye da wanda aka yi wa lacca a rediyo. A garin da Nana Asma'u ta tura jajis ƙauye-ƙauye suna kai wa mata karatu har gida, bai kamata a ce kai ɗan bututu makarantar ƙauye ya gagare mu ba. Za a kuma ce shirin GLOBE na Amurka ne, gobe suna iya rufewa. To su rufe. Ma'aunin yana harabarmu, littafin yana hannunmu, ruwan ma namu ne.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. A ɗora wa mutum ɗaya wannan aikin, da sunansa da teburinsa, ya nemi mai kula da shirin na ƙasa a yi wa makarantunmu rajista. A fara da makaranta guda a kowace ƙaramar hukuma, inda tsaro ya bari, a ɗauki malamai bibbiyu a yi musu horo a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, malaman labarin ƙasa na jami'o'inmu suna nan a gari, ba sai an ɗauko kowa daga Abuja ba. Kowace makaranta a ba ta ma'aunin ruwa mai ƙa'ida, da na zafi, da tef, da waya ɗaya da ɗan kuɗin data. Akwatin ma'aunin zafi kafintocinmu za su haɗa shi in an ba su awo.

Sai wani abu da wanda ke ofis ba zai tuna ba: ruwan Sakkwato ya fi ƙarfi a Agusta, a Agusta kuma makarantu suna dogon hutu. In ba a tanadi wanda zai riƙa karanta ma'aunin cikin hutu ba, za a samu littafi mai rami a daidai tsakiyar damina. Ɗalibai biyu da ke kusa da makaranta da maigadi sun isa, in an ba su ɗan abin sabulu. Maganar tsutsar sauro a kwatoci da zurfin ruwan rijiyoyi, waɗanda su ma ana iya aunawa, a bar su sai an zauna da gindi.

Hadari yakan fara haɗuwa a ƙarshen Mayu, ruwa ya zauna a Yuni. In aka ba da umarni yanzu, kayan za su iya isa kafin shukar fari. Yarinyar nan bana take SS3, littafinta na lambobi yana cikin durowata, kuma ta tambaye ni sau biyu ko an amsa takardar.

Wassalam.

Naka,
Malamin labarin ƙasa,
Sakkwato.