Takardar Koke Kan Lafiyar Ƙwaƙwalwar Matasa Masu Kammala Sakandare

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukuma,

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu iyaye da malaman sakandare da ke ƙarƙashin wannan ƙaramar hukuma muna gabatar muku da kokenmu game da halin da wasu 'ya'yanmu suke faɗawa bayan sun ajiye alƙalami a jarrabawar ƙarshe, domin daga ranar nan idon da ke kansu yake ɗaukewa, kuma babu wanda aka ɗora wa alhakin karɓarsu.

Muddin yaro yana makaranta, akwai mai kiran sunansa kowace safiya. Malamin aji yakan lura idan ɗalibin da ya saba ɗaga hannu ya koma kujerar baya ya yi tsit, ko idan wadda ba ta taɓa fashi ba ta fara zuwa a makare da idanu a kumbure. Da zarar an yaye su, abokai sun watse, wasu sun samu gurbin karatu, wasu sun zauna jiran sakamako, sai yaron ya koma ɗaki shi da wayarsa. Ɗaya daga cikinmu tana da 'yar da ba ta taɓa wuce ta uku a ajinsu ba. Da sakamako ya fito ba yadda ta zata ba, sai ta daina cin abinci, ta daina amsa kiran ƙawayenta, aka yi ta cewa shagwaɓa ce har tsawon wata huɗu. Da aka kai ta asibitin sha-ka-tafi, an gwada jininta, an ba ta maganin zazzaɓi, an sallame ta. Ba mu ga laifin ma'aikaciyar ba, don abin da aka koya mata ke nan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ɗaya cikin kowane yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa, kuma kashe kai yana cikin manyan abubuwan da ke ɗaukar ran masu shekara 15 zuwa 29. Masana sun nuna cewa kusan rabin waɗannan larurori kan fara ne kafin shekara 14, kashi uku cikin huɗu kuma kafin shekara 25. Ke nan shekarun barin makaranta suna cikin shekarun da ciwon damuwa da fargaba da taɓin hankali sukan bayyana, kuma a daidai lokacin ne matashi ya wuce likitan yara, bai kuma san ƙofar da zai ƙwanƙwasa a ɓangaren manya ba. Wanda bai samu mai sauraronsa ba yakan nemi barci a cikin ƙwaya ko maganin tari, daga nan sai sunansa ya koma ɗan shaye-shaye, a manta da ciwon da ya kai shi can.

Ba muna roƙon a gina sabon asibiti ba ne, mun san nauyin da ke kan baitulmalinku. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP, wanda aka tsara domin koya wa malaman jinya da sauran ma'aikatan da ba likitocin ƙwaƙwalwa ba yadda za su gane waɗannan larurori, su fara kula da masu sauƙi, su tura masu tsanani gaba. Muna roƙon a horar da aƙalla ma'aikaci ɗaya a kowace cibiyar lafiya ta matakin farko bisa wannan tsari, a kuma ware rana ɗaya a mako da ɗaki mai ƙofa da za a riƙa ganin matasa a cikinsa. Batun ƙofar ba ƙarami ba ne, domin saurayi ɗan shekara 18 ba zai faɗi cewa tunanin mutuwa yana zo masa ba alhali maƙwabciyarsu tana zaune a benci tana jin komai.

Haka nan muna roƙon a umarci makarantu su sanar da ɗaliban ajin ƙarshe inda wannan ɗaki yake kafin a yaye su, kuma ɗalibin da malamai suka riga suka ga alama a tare da shi a miƙa shi hannu da hannu ga ma'aikacin lafiya, da yardarsa da sanin iyayensa. Mu malamai a shirye muke mu yi namu ba tare da neman ƙarin ko sisi ba.

Muna fatan za ku sa mana rana, kafin ɗaliban bana su fara jarrabawa, mu zauna da shugaban sashen lafiya da na ilimi domin a tsayar da cibiyoyin da za a fara da su.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya.

Mu ne naku,
Iyaye da malaman ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare