A Waiwayi Rahoton Uwais da Marigayi 'Yar'aduwa Ya Bari

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda Allah ya yi wa rasuwa ranar 5 ga Mayu, 2010.

Duk lokacin da aka ambace shi, mutane sukan tuna da sauƙin kansa, da bayyana kadarorinsa a bainar jama'a, da mayar da litar fetur naira 65, da afuwar da ya yi wa tsagerun Neja Delta a 2009. Duk wannan gaskiya ne, amma a ganina babban abin da ya yi shi ne tsayawa gaban 'yan Najeriya ranar da aka rantsar da shi, 29 ga Mayu, 2007, ya amsa da bakinsa cewa zaɓen da ya kawo shi mulki yana da kurakurai. Ban yi mamaki ba, domin mutum ne da ya san ɗacin faɗuwa, tunda ya sha kaye a hannun Saidu Barda a takarar gwamnan Katsina ta 1991 kafin ya samu kujerar a 1999.

Bai tsaya ga fatar baki ba, sai ya kafa kwamitin gyaran zaɓe ƙarƙashin tsohon Alƙalin Alƙalai Muhammadu Lawal Uwais, wanda ya miƙa rahotonsa a Disamban 2008. Kwamitin ya ba da shawarar a cire naɗin shugaban hukumar zaɓe daga hannun shugaban ƙasa, Majalisar Shari'a ta Ƙasa ta riƙa tantance masu neman muƙamin, a kafa hukumar hukunta masu maguɗi, sannan a kammala shari'ar zaɓe kafin a rantsar da kowa.

Abin takaici shi ne gwamnatinsa da kanta ta yi watsi da shawarar farko, wadda ita ce ƙashin bayan rahoton, kuma ƙaunar da muke yi masa ba za ta sa mu ɓoye wannan ba. Daga baya rashin lafiya ta ci ƙarfinsa, aka kai shi Jidda a Nuwamban 2009, hankalin ƙasa ya koma kan wanda zai riƙe mulki.

Saboda haka ina kira ga 'yan Majalisar Tarayya, musamman wakilan Katsina da ke alfahari da sunansa, su zaro rahoton nan, su gabatar da batun naɗin shugaban hukumar zaɓe a gyaran tsarin mulki. Allah ya jiƙansa da rahama.

Naka,
Wani mai karatu daga Katsina